Masu Tare Min Gaba

Juma'a, 2 ga Mayu

Na iso wurin tashi da la'asar. Sun ba ni lamba 41, da riga ruwan lemo wadda ta matse ni a ciki, da hular kwano. Hular kwano a kan keke! Shekara talatin da ɗaya ina raba wasiƙu a kan keke, ban taɓa faɗuwa da ka ba.

Mu sittin ne da 'yan kai. Kwana takwas, jihohi huɗu, kilomita ɗari shida, a ƙare a ƙofar babban asibiti, don a samu a ƙara injinan wankin ƙoda. Asibitin da uwar yarana ta cika ke nan, Allah ya jiƙanta.

Tun da na turo kekena cikin filin ake kallona. Nasu za ka iya ɗagawa da yatsa biyu, ga giya goma sha wani abu. Nawa baƙi ne, ƙarfe zalla, ba giya, sai kariya a baya, wadda uwar yarana ta riƙa zama a kai shekarunmu na farko, yanzu kuma jakar wasiƙu ta fata ce ɗaure a wurin. Wani dogon mutum ya zagaya shi sau biyu yana murmushi, ya ce, "Baba, wannan ai ya girme ni." Na ce ya girme ka, kuma ya fi ka sanin hanya. Kafin magariba sun raɗa min suna Baba Wasiƙa. Ni ma na raɗa masa Dogo a raina.

Shugaban tafiyar, wani mai usur a wuya, ya tara mutane wai zai yi bayanin yadda ake tuƙi cikin ayari. Ban je ba, na zauna ina sa wa sarƙa mai. Wanda aka haifa ina kan sirdi ba shi zai koya min taka feda ba. Abu ɗaya na tambaya aka kuma gaya min. Akwai mota da ke bin bayanmu, an ɗaura mata tsintsiya a ƙofar baya, ita ke share waɗanda suka gaza. In ta cim maka, ka shiga. In ta cim maka sau biyu, a cire maka lamba, sauran tafiyar a kujera za ka yi ta.

Wasiƙar tana cikin jaka, na naɗe ta a leda. A gida uwar yarana ta rubuta ta da hannunta, zuwa ga nas ɗin da ke kula da ita a ɗakin wankin ƙoda. Ta liƙe, ta miƙo min ta ce, "Ka kai mata, ai kai ne masinja." Bayan kwana biyu ciwo ya tashi, muka fita a gigice, wasiƙa ta zauna a kan tebur. Shekara biyu ke nan. Ita kaɗai ce aka taɓa ba ni ban kai ba.

Na san kaina. A mota na shiga ƙofar asibitin nan da ita, a mota na fito ba ita, ba zan sake shiga a mota ba. In suka cire min lamba gida zan juya, wasiƙar ta koma ƙasan akwati.

Auta, 'yata ta ƙarshe, ta kira sau uku. Tun farko ba ta so na zo ba.

Asabar, 3 ga Mayu

Kilomita saba'in da biyu. Na gama, Tsintsiya ba ta ga ko ƙeyata ba.

Amma akwai abin da bai kwanta min ba. Muna fita gari, hanya ta buɗe, iska ta fara dukan ƙirji, sai Dogo ya zo ya shiga gabana. Ba can gaba ba, a'a, tsakanin tayarsa ta baya da tawa ta gaba bai fi taku ɗaya ba. Na rage gudu ya rage. Na ƙara ya ƙara. Na kaɗa masa ƙararrawa har sau uku, ko gezau, sai leƙena yake ta ƙarƙashin hammata. Ya ce wani abu kamar, "Lafe, Baba, lafe a bayana." Na ce ni ba jela ba ne.

Mutum mai keke irin nasa, da zai iya kaiwa masauki ya yi wanka ya yi barci kafin in iso, me ya tsare shi a gaban tsoho? Ruwa ba ya tsami banza. Awa biyu ina kallon bayan rigarsa. Haushi ya sa ko gajiya ban ji ba.

Da hantsi ya ɓace, wata 'yar gajeriyar mata ta maye gurbinsa, Lauya suke ce mata. Ita har alamu take yi da hannu, ta nuna ƙasa da yatsa, ta karkaɗa hannu a bayanta. Wa take yi wa? In na waiwaya ba na ganin kowa sai motar can nesa.

Masauki makarantar kwana ce, an shimfiɗa katifu a aji. Dogo ya cire riga zai je wanka, na ga tabon yanka a kwiɓinsa, kusan taƙi guda. Mutumin kirki ba a hanyar masallaci yake samun irin wannan ba. Na dai matso da jakata kusa da kai.

Lahadi, 4 ga Mayu

Mun shiga jiha ta biyu. An tsaya a allon iyaka ana ɗaukar hoto, suka ce in shiga tsakiya da kekena. Mutum sittin, ni kaɗai aka ga ya dace da tsakiya.

Akwai likita a ayarin, a cikin Tsintsiya take zama, sa'ar Auta ce ko ta ɗan girme ta. Ta gwada jinin kowa da safe sau ɗaya, ni sau biyu. "Baba, ka sha maganinka?" Wa ya gaya mata ina shan magani? A takardar da na cika ban rubuta ba, na tabbata, don da gangan na tsallake layin.

Yau su uku suka yi min: Dogo, Lauya, da wani mai gemu da ko gaisuwa ba ta taɓa haɗa mu ba. Canji suke yi kamar masu gadin banki. Na lura in ɗaya zai tafi sai ya jira ɗayan ya iso. Ba su bar ni na sha iska ni kaɗai ba sai a gangara. A nan kuwa nauyin ƙarfe ya yi min rana, na wuce su fuu, na kaɗa musu ƙararrawa.

Ƙafa ta ɗan yi tsami, amma ba kamar yadda na zata ba. Ashe da sauran ƙarfi a jikin tsoho.

Litinin, 5 ga Mayu

Biri ya yi kama da mutum.

A wurin shan ruwa Mai Usur ya ajiye allon takardunsa a kan benci, ya tafi duba tayar wani. Ban taɓa ba wallahi, iska ce ta ɗaga shafin. Tsawon aikina ban buɗe wasiƙar kowa ba, amma abin da ya buɗe da kansa ido ba shi da laifi. A sama an rubuta 41 an ja layi. A ƙasa: bakwai zuwa tara, 12. Tara zuwa sha ɗaya, 27. Sha ɗaya zuwa ɗaya, 8. Haka aka jera kowace rana har ranar ƙarshe. 12 ta fi kowace yawa. 12 kuwa a bayan rigar Dogo take, na fi kowa sani, tunda kwana uku ita nake kallo. 27 Lauya ce.

Jadawalin gadi ke nan. Na zauna na haɗa zancen, ya kuma haɗu. Ba sa son tsoho ya faɗi a hanyarsu a buga a jarida, kuma kunya ta hana su kore ni kai tsaye. Shi ne suka sa mutum a gabana, ya riƙa danne min gudu har Tsintsiya ta iso, ya kuma riƙa lura da ni, in na ɗan yi tangaɗi ya yi wa mota alama, Likita ta rubuta. In an share ni sau biyu a ce doka ce, ba laifin kowa. Dabara ce mai kyau, na yarda, amma ba a kan wanda ya yi shekaru yana karatun fuskokin mutane a bakin ƙofa ba.

Da yamma Lauya ta kawo min ayaba biyu, ta zauna kusa tana tambaya wai wasiƙa nawa nake rabawa a rana a da, wace unguwa ce ta fi mugayen karnuka. Na san tambayar lauyoyi, daga nesa suke faro ta. Na ce mata ban riƙe ba. Ayabar dai na ci, tunda a cikin ɓawonta ta zo.

Talata, 6 ga Mayu

Na je bayan Tsintsiya ɗebo ruwa, na ji Likita a waya. "Kada ki damu, muna kula da shi. Bai ma sani ba." Tana ganina ta sauya zance.

Na koma gefe na kira Auta. Na ce ke kika haɗa ni da mutanen nan? Ta ce sau biyu kawai ta kira Likita, maganar hawan jini ta gaya mata, ba ta san wani jadawali ba. "Baba, na rasa Mama, so kake in..." Ban bar ta ta ƙarasa ba. Na ce a kariyar keken nan na riƙa kai ki makaranta, ina riƙe da ƙafarki kada ta shiga taya, yau ke ce za ki sa a yi min gadi kamar ɓarawo. Na kashe waya.

Abin ya yi min zafi. Kuma na san ta yi kuka, don na san muryarta in kuka na tafe. Ita ta jawo.

Gobe ce hanya mafi tsawo, kilomita casa'in, an ce fili ne fetal, ba tudu ba itace. Gobe za a yi ta ta ƙare.

Laraba, 7 ga Mayu

Tsintsiya ta share ni.

Bari in rubuta a jere kada in manta wani abu. Da safe ana shan shayi na miƙe a gaban kowa na ce, "Na ga takardarku. Duk wanda ya sake shiga gabana, ban yafe ba." Mai Usur ya ce, "Baba, don Allah tsaya in yi maka bayani." Na ce riƙe bayaninka, na ƙoshi. Dogo ya buɗe baki, Lauya ta taɓa hannunsa ta ce ya ƙyale ni. Ta juyo ta ce, "Baba, hanya taka ce."

Suka ƙyale ni kuwa. Kilomita goman farko har waƙa nake a raina. Sai muka fita fili. Na sha iska a rayuwata, amma a cikin gari, inda akwai katanga da lungu. Wannan ba ta da inda za ka ɓoye mata. Kamar ƙato ya dafa ƙirjina da hannu biyu yana tura ni baya. Ina taka feda a tsaye, keke na jan jiki. Ayari ya wuce ni rukuni rukuni, ba wanda ya tsaya a gabana, sun riƙe maganata.

Na ce an taɓa min keke. Na sauka na duba birki ko an matse shi ya kama taya. Na juya taya, tana juyawa sumul. Na latsa, iska cike. Na shafa sarƙa, da manta. Sau uku ina sauka ina neman abin da suka yi masa, ban samu komai ba, kuma saukar ta cinye min lokaci. A kilomita hamsin da takwas na ji ƙarar inji a bayana, a hankali. Direban bai ko danna hon ba, ya dai zo ya tsaya a gefena.

Aka ɗora kekena a saman mota aka ɗaure. Na shiga na rungume jaka a cinya. Kunya kamar ƙasa ta tsage in shige.

Likita ta miƙo min ruwa, ba ta gwada jinina ba. Muka yi ta tafiya. Can gaba ina hangen rukunin ƙarshe, su shida a layi ɗaya, kowa manne da bayan wani. In na gaba ya jima sai ya kauce gefe ya koma ƙarshen layi, na biyu ya ɗauka.

Ta ce, "Baba, lokacin da kake aiki, ka taɓa bin bayan babbar mota da keke?" Na ce kowane mai keke ya san wannan, in ka lafe a bayan tirela iska ba ta samunka, har ja take yi. Ta ce, "To mutum ma haka yake tarewa, sai dai shi yake shanye dukan. Bayanin da aka yi ranar Juma'a ke nan." Na ce alamun hannun fa? Ta ce rami suke nuna maka, tunda sun tare maka gani. Na ce me ya hana a gaya min? Ta ce, "An gaya maka ranar farko, ka ce kai ba jela ba ne."

Ni kaɗai na yi aikina shekara talatin da ɗaya, ba abin da ya taɓa shiga gabana sai awaki. Ta ina zan san wannan?

Ban ce na yarda ba. Ko da haka ne, me za su ci da ni? Wataƙila hoto. Tsoho da tsohon keke a ƙofar asibiti ya fi jan ido. Banza ba ta kai zomo kasuwa.

Saura sau ɗaya a cire min lamba.

Alhamis, 8 ga Mayu

Jiha ta uku.

Wurin shayi kowa ya gaishe ni kamar ba a yi komai ba, abin da ya fi ba ni haushi ke nan. Amma na san ba wanda zai matso, kalmar da na faɗa jiya mai nauyi ce. Na ɗauki kofi, na dubi bango, na ce maganar jiya ta jiya ce. Ba da kowa nake ba. Lauya ta ci gaba da shafa wa burodinta bota.

Muna fita sai ga 27 a gabana.

Na yi bincike da kaina. Na lafe a bayanta na ƙirga taku ɗari. Na fito gefe, iska ta mare ni. Na koma. Sau biyar na yi, don kada a ce na yarda da maganar baki. A na biyar ta waiwayo ta ce, "Baba, shari'ar ta isa haka, ko a kira wani shaida?" Ban yi dariya ba sai da ta juya.

Na kuma lura in iska ta karkato daga hagu, ita ma sai ta matsa hagu kaɗan. Ban nuna mata na lura ba.

Dogo bai zo kusa da ni ba duk yini. A masauki na ga yana ɗingishi. Ko na gaske ne, oho.

Juma'a, 9 ga Mayu

Na gaske ne. Tsintsiya ta share Dogo a kilomita sittin, gwiwar dama. Mai gemun nan ya ce tun Litinin take damunsa, kwana huɗu yana shan iskar mutum biyu ya ƙi a rage masa. Ban tambaye shi ba, shi ya faɗa.

Tabon nan kuma na wuƙa ne, ban yi kuskure ba. Wuƙar likita. Yayarsa ya ba ƙoda ɗaya, shekara uku ke nan, Lauya ta ce.

Na danna lambar Auta, na kashe kafin ta shiga.

Asabar, 10 ga Mayu

Na gaji liƙis, rubutun zai yi muni.

Da safe Likita ta naɗe wa Dogo gwiwa, ta ce ya haƙura ya shiga mota. Ya ce yayarsa tana jiransa a ƙofar asibiti, ba za ta gan shi a kujera ba. Wato shi ma irin tawa ce. Shi saura ɗaya, ni saura ɗaya.

Kilomita sittin da biyar ne yau. Aka sa ni a ƙarshen wani rukuni na mutum bakwai, ina lafe abina, tafiya na tafiya. Mun wuce allon jiha ta huɗu, mun wuce wurin ruwa na ƙarshe, saura ashirin, lissafina ya nuna zan isa da sauran lokaci. Da ban waiwaya ba shi ke nan.

Na waiwaya. Can baya na hango su biyu, Lauya a gaba, Dogo a bayanta. Ita gajeriya, ga ta duƙe a kan ɗan kekenta, iska na bi ta saman kanta tana samunsa a ƙirji. Me za ta tare masa? Yana takawa da ƙafa ɗaya, ɗayar bi kawai take yi. A bayansu kuma, ƙarama kamar akwatin ashana, Tsintsiya.

Sarƙata ce ta yi wata ƙara, shi ya sa na tsaya dubawa. Kafin in gama sun iso.

Lauya ta ƙare, awa uku tana gaba, ko magana ba ta iyawa. Na yi mata nuni ta koma baya. Na shiga gaban Dogo. Ya ce, "Baba, ka tafi don Allah, kai ma saura ɗaya gare ka." Na ce, "Lafe ka yi min shiru."

Ashe kekena an yi shi don wannan. Ga shi dogo, ga zama a miƙe, ga jaka, ga ni da faɗi. Amma gaba ba wasa ba ne. Kilomita biyar kawai na ji ƙirjina na ci da wuta, cinyoyi kamar ba nawa ba. Wannan Dogo ya yi ta sha kwana huɗu ina kaɗa masa ƙararrawa ina zaginsa a raina. Na ga rami, na nuna masa da yatsa. Iska ta karkato dama, na matsa dama.

Saura takwas na fara jin injin. Ban waiwaya ba, na yi alkawari ba zan waiwaya ba. Tsoro ya kama ni sosai, ba zan ɓoye wa littafin nan ba. Na ce shi ke nan, na yi wa wasiƙar nan asarar hanya saboda mutumin da ko sunansa ban sani ba. A nan na tuna uwar yarana. Shekarunmu na farko, in muna dawowa daga gidan iyayenta iska ta taso, sai ta cusa fuska a bayana ta ce, "Kai dai Allah ya yi maka faɗin baya." Na manta da wannan sam. Na ci gaba da takawa.

Mu uku ne na ƙarshe. Mutane cike a ƙofa, ana ta tafi, ban ga fuskar kowa ba. Na shiga a kan kekena. Wata mata ta rugo ta rungume Dogo tun bai sauka ba, har suka kusa faɗuwa. Tsintsiya ta shigo a bayanmu, tazarar jifa ɗaya.

Ban tsaya hoto ba. Na kwance jaka na nufi ɗakin wanki, ƙafata ta san hanya. Warin wurin bai canja ba, sai da na dafa bango. Nas ɗin tana nan, ta ƙara furfura, yanzu ita ce babba. Na ce ga wasiƙarki, ta makara, laifina ne. Ta juya bayan ambulan ta ga suna, ta dube ni, ta gane ni. Ta fara karantawa a tsaye, sannan ta nemi kujera.

Ban tambayi abin da ke ciki ba, ba aikin masinja ba ne. Na juya zan tafi ta ce, "Baba, dakata." Tana share hawaye tana dariya. Ta ce akwai layi biyu a ƙasa da suka shafe ni. Wai wanda zai kawo miki wannan taurin kai ne da shi, ba zai taɓa cewa yana jin ciwo ba, ki zaunar da shi ki gwada jininsa kafin ya fita.

Ashe har da uwar yarana a haɗin bakin.

Na zauna. Na naɗe hannun riga na miƙa.

Lahadi, 11 ga Mayu

Na kira Auta da safe. Ba wani abu ba, don in gaya mata lokacin da motarmu za ta iso ne. Ta ce za ta zo tasha. Na ce ba sai kin zo ba, sannan na ce to ki zo, keken da nauyi. Na kuma ce maganin ya kusa ƙarewa, tunda ita ta san inda ake samun mai kyau. Ta ce, "To, Baba." Kusan minti guda ba wanda ya kashe wayar.

Dogo ya karɓi lambar wayata. Ban san me zai yi da ita ba. Na dai karanta masa sau biyu kada ya rubuta kuskure.

Akwai abu ɗaya da bai kwanta min ba. Ni na san lokaci, na san tazara, aikina ke nan. A lissafina Tsintsiya ya kamata ta cim mana tun saura kilomita biyar. Na tarar da direban yana goge gilashi, na ce jiya kamar motarka ba ta da ƙarfi. Ya ce inji ne ya ɗau zafi. Na dube shi, ya dubi sama. Likita tana gefe tana ta shirya akwatinta, wanda a shirye yake. Ban bincika ba.

Mai Usur ya cire shafin nan daga allonsa ya miƙo min, wai tunda na riga na karanta in riƙe. A ƙasa an ƙara layi ɗaya da biro ja: Asabar, sha ɗaya zuwa ɗaya, 41. An ma yi kuskure, ɗaya da kwata muka shiga ƙofa.

Na ninke shi na sa a ledar da wasiƙar take, don jakar ba ta saba zama wayam ba.